Littafin tambayoyin baya, waya, ko lesin yamma: wanne zai kai magidanci ga kiredit a Turanci?

Wani maƙwabcina a Mabera, cikin garin Sakkwato, masinja a wata ma'aikatar gwamnati, mai shekara arba'in da 'yan kai, ya same ni bayan sallar isha'i da littafi a hammata. Littafin tambayoyin jarrabawar shekarun baya ne, irin mai kaurin nan, bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zaren buhu. Ya zauna bakin tabarma ya ce, "Malam, wanga Turanci ya hana ni sakat. Sau uku ina zama: D7, D7, E8. Kuma wallahi babu tambayad da ban sani ba cikin littahin ga."

Na karɓa na buɗe tsakiya na fara karanto masa. Ban kai ƙarshen tambaya ba ya ce "C". Na juya shafi, ya ce "A". Ya ci tara cikin goma. Sai na yago takarda daga littafin rubutun ɗana, na miƙa masa biro, na ce ya rubuta wa shugabansa na ofis wasiƙar neman hutun mako guda saboda bikin 'yarsa. Na shiga gida na sha ruwa, na ɗan jima, na fito. Minti ashirin, layi bakwai, uku daga ciki an soke su. Zufa yake yi, alhali lokacin hunturu ne.

Irinsa suna da yawa a garin nan. Akwai ma'aikacin da ƙarin girma ya tsaya masa saboda takarda, da matar da aka yi wa aure tana aji biyar yanzu 'ya'yanta sun tasa tana son shiga makarantar koyon aikin jinya, da ɗan kasuwar da ke son digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, da malamin firamare mai son wucewa Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Kusan dukansu abu ɗaya ya tare musu hanya: ana son kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, kuma kiredit daga C6 yake farawa. D7 ba faɗuwa ba ce a takarda, amma a wurin neman gurbi ba ta da maraba da ita. Gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, sai dai gemu yana zuwa da cefane da kuɗin makarantar yara da zaman makoki da ɗaurin aure. Mai shi ba shi da lokacin gwada kowace hanya ya gani. Dole ya zaɓa, kuma yawanci tsakanin abu uku ne: littafin tambayoyin baya, wayar hannu, ko lesin yamma.

Kafin a auna su, sai an san wace jarrabawa za a zauna, domin a nan ne mutane suke ɓata tun daga ƙofar gida.

Turancin WAEC takarda uku ce. Ta farko canki-canka ce, tambaya 80 cikin awa ɗaya, kan kalmomi da nahawu, makinta 40. Ta biyu awa biyu ce, makinta 100: insha'i ɗaya cikin biyar da za a ba ka, na kimanin kalma 450, maki 50, auna fahimta, maki 20, taƙaitawa, maki 30. Ta uku ita ce ta furuci, tambaya 60 cikin minti 45, maki 30, kuma a Najeriya ba magana ake yi ba, ita ma zaɓe ne. Haɗa lissafin da kanka. Cikin maki 170, ɗari cif suna wurin da babu A babu B, sai kai da biro da farar takarda. Abin da maƙwabcina ya shekara uku yana haddacewa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na makin ba. NECO, wadda aka kafa a 1999 take da hedikwata a Minna, tsarinta bai yi nisa da wannan ba: ita ma akwai insha'i, da auna fahimta, da taƙaitawa, da furuci. Duka biyun suna da zama na masu zaman kansu, wanda muke kira GCE. WAEC sau biyu a shekara, farkonta da wajen ƙarshenta, NECO kuwa a Nuwamba da Disamba.

JAMB, jarrabawar neman gurbi a manyan makarantu, dabba ce daban. Babu insha'i ko layi ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu a gaban kwamfuta, 60 daga ciki na Turanci, sauran darussa uku 40-40. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, kuma cikin wannan lokacin za ka karanta dogayen nassoshin auna fahimta. Wanda ya san amsa amma yake karatu yana bin layi da yatsa, agogo ne zai kayar da shi ba jahilci ba. Sakamakonta kuma na shekara ɗaya ne, ba kamar na WAEC da NECO ba da in ka samu ka samu ke nan.

To, littafin tambayoyin baya. Ba na raina shi, kuma ban taɓa shirya ɗalibi ba tare da shi ba. Shi ya fi komai arha, sau ɗaya za ka saya, ba ya cin data, ba ya neman caji, ana iya karanta shi a rumfar kasuwa tsakanin mai saye da mai saye. Yana nuna maka fuskar jarrabawa tun kafin ku haɗu: yadda ake tambayar kalma mafi kusa da ma'ana da kalma mai kishiyar ma'ana, yadda auna fahimta ba ta rasa tambayar nan ta sunan wani yanki na jumla a nahawu da aikin da yake yi, yadda wasiƙa ba ta cika ɓacewa daga jerin insha'i ba. Wanda ya bar makaranta shekara ashirin da suka wuce yana buƙatar wannan sanayyar, ko don fargaba ta ragu.

Aibinsa ɗaya ne amma babba. Mudu ne, ba hatsi ba. Yana gaya maka abin da ke rumbunka, ba ya ƙara ko tsaba. In ka faɗi tambaya, ka duba baya ka ga amsar B ce, me ka koya? Ka koyi cewa amsar wannan tambayar B ce. Gobe aka sauya suna, aka juya jumlar, ka koma inda kake. Wasu littattafan suna da bayani a ƙarƙashin amsa, su ne ya kamata a nema ko da sun fi tsada. Marasa bayani ba su da maraba da ƙuri'a. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba: amsoshin da ke bayan littafin ba hukumar jarrabawa ce ta rubuta su ba, masu buga littafin ne, kuma na sha kama kuskure a ciki. Mai karatu shi kaɗai ba shi da yadda zai gane, sai ya haddace kuskuren da zuciya ɗaya. Samfurin insha'in da ake sakawa a ƙarshe kuwa, wasu sukan haddace shi ɗungurungum su je su juye. Mai makin ya ga irinsa sau hamsin kafin naka, kuma in bai dace da tambayar ba, ka yi aikin baban giwa.

Amfaninsa na gaskiya a farko ne da ƙarshe. A makon farko, ka zauna da agogo ka yi shekara ɗaya cikakkiya, har da insha'in, don ka ga inda ɗakinka yake yoyo. A wata biyun ƙarshe kuma ka dawo masa kowane mako. Tsakanin nan, rufe shi ka ajiye.

Waya ta fi rikitarwa, saboda abubuwa da yawa ne a cikin suna ɗaya. Akwai manhajojin gwajin JAMB da ke kwaikwayon allon jarrabawa da agogonsa, da yawansu suna aiki ba intanet in an sauke. Akwai darussan bidiyo a YouTube. Akwai BBC Learning English, kyauta, da gajerun shirye-shirye. Akwai ƙamus mai furta kalma ka ji da kunnenka. Akwai Duolingo da ire-irenta, waɗanda ba don jarrabawarmu aka gina su ba. Suna da daɗi, suna ba ka tauraro kullum, amma magidancin da ke neman C6 ya wuce matakin haɗa "yaro yana cin tuffa". Akwai kuma zaurukan WhatsApp, inda ake turo tambaya biyar da safe, kafin azahar an koma gardamar siyasa.

Wuri biyu waya ta yi wa takarda da malami fintinkau. Na farko furuci. Hausa wasali biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo. Turancin da ake jarrabawa a kansa yana da sautin wasali wajen ashirin. Mu kuma muna da namu tuntuɓen: p da f sun zame mana abu ɗaya, sai pan da fan su fito iri guda, v ta koma b, sautin farkon think ya koma s, na farkon then ya koma z. Ga kuma inda ake danna murya a kalma, wanda ba daidai yake da karin sautin Hausa ba. Ba ka koyon wannan daga shafi, kuma in za a faɗi gaskiya, da yawanmu malamai da tuntuɓen muka taso, da shi muke koyarwa. Ƙamus mai magana ba ya gajiya, ka danna kalma sau ashirin ba zai yi tsaki ba. Maki 30 na takarda ta uku, rabin sa'a a rana na wata biyu yana iya sauya su.

Na biyu, sabo da allo. Na ga dattijon da ya san Turanci sarai ya fito daga zauren JAMB yana cizon yatsa, saboda ran nan ya fara zama gaban kwamfuta. Abin ba wuya gare shi ba: A, B, C, D na amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ba JAMB kaɗai ba ce yanzu, tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta, canki-canka a kan allo, insha'i kuma a karanta tambaya a allo a rubuta amsa da hannu. Don haka ko manhajar waya ta ishe ka atisaye, ka je shagon kwamfuta sau uku ko huɗu ka zauna gaban babban allo kafin ranar.

Illolin waya kowa ya san su, ba sai na ja ba. Data kuɗi ce. Wuta ba tabbas, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri arba'in, wayar kanta takan yi zafi ta ƙi caji. Mafi muni, a cikin wayar da za ka yi karatun ne Facebook da TikTok suke zaune. Ɗan kabu-kabun da ya ce mini yana karatu awa biyu kowane dare, da muka duba lissafin da wayar ke ajiyewa, minti goma sha ɗaya manhajar karatun ta samu. Bai yi ƙarya da gangan ba, shi ma mamaki ya yi.

Sai sabon abu, manhajojin nan masu hira da mutum irin ChatGPT. Suna iya duba insha'i, kuma ga wanda ba shi da kowa, sun fi babu nesa ba kusa ba. Amma in ka ce su gyara maka, za su wanke rubutun tas su dawo maka da na wani, ka karanta ka ji daɗi, ba ka koyi komai ba. Ce musu su nuna maka kurakuran ɗaya bayan ɗaya da dalilin kowanne, kai ka sake rubutawa da hannunka. Kuma su ma suna kuskure, da cikakkiyar gadara kuwa.

Lesin yamma shi ya fi tsada, a kuɗi da a lokaci, kuma shi ya fi bambanta daga wuri zuwa wuri. Wani ajin mutum saba'in ne a ɗaki ɗaya, malami yana karanto tambayoyin baya ana amsawa baki ɗaya kamar karatun allo. Wannan littafin nan ne dai, sai dai ka ƙara masa kuɗin kabu-kabu. Kafin ka biya ko sisi, yi tambaya ɗaya: sau nawa a wata ake ba da insha'i, kuma ana dawo da shi da jan biro? In aka fara kame-kame, kama gabanka. Nemi ganin littafin wani tsohon ɗalibi. In shafukan fari fat suke, ko alamar "gani" kawai aka yi a ƙasa, ka samu amsarka.

Na dage kan jan biro ne saboda yadda ake rabon makin insha'i. Cikin 50 ɗin nan, 10 na abin da ka faɗa ne, 10 na yadda ka tsara shi, 20 na yadda ka sarrafa harshen, 10 na tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da haruffa da alamomi. A wannan na ƙarshen, kowane kuskure rabin maki yake ci, wato kuskure ashirin sun share shi kakaf, kuma mafi yawan waɗanda nake dubawa kan cika ashirin ɗin tun kafin su juya shafi. Ba kurakurai ashirin daban-daban ba ne. Huɗu ne ko biyar suke ta maimaita kansu, kuma mai su ba ya ganinsu, domin a kunnensa daidai suke. Hausarsa ce ke magana da bakin Turanci.

Dubi wasiƙar maƙwabcina. Layin farko: My daughter she is getting married. A Hausa dole ka ce "'yata za ta yi aure", da suna da wakilin suna a jere, in ka cire "ta" jumlar ta karye. A Turanci kuwa wannan she ɗin kuskure ne. Ya rubuta borrow me, saboda mu da saiwa ɗaya muke ara da aro, su kuwa mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa borrow. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha wahala, sai drink ta bi mu har kan ƙwayar magani. Muna jin magana, mu ji wari, mu ji yunwa, sai a rubuta hear a inda hanci ne ya yi aikin. "Ya tafi" tamu tana ɗaukar he went da he has gone duka biyu, shi ya sa ake cakuɗa su. Ga a da the da ake zubarwa ko a cusa inda ba a gayyace su ba. Ga informations da advices da furnitures, waɗanda ba su karɓar s. Littafin tambayoyi ba zai ce maka "kai, wannan ciwonka ne" ba. Bidiyon da Bature ko Ba'indiye ya yi bai san da Bahaushe ba. Malamin da ya tashi cikin harshen, ya taɓa yin kuskuren da kansa, kallo ɗaya zai yi ya gane daga inda ya fito.

Taƙaitawa ma haka. Ita ce ke kashe mutane shiru, maki 30, kuma dokokinta ba a tsintar su a hanya: amsa cikin cikakkiyar jumla, da kalmominka, ba kwafe layin nassi ba, ba ƙarin misali ko ado. Mutum zai kwafo jumlar da amsar ke ciki daidai, ya fito yana murna, bai san an zaftare masa maki ba. Sai wani ya zauna da kai sau biyar ko shida yana cewa "rage, har yanzu da sauran kitse" kafin hannu ya faɗa.

Abin da ke korar manya daga lesin ba kuɗi ne kaɗai ba, kunya ce. Mutum yana da 'ya a jami'a, a ce ya zauna benci ɗaya da sa'o'inta, ya yi kuskure su yi dariya. Na gane wannan, kuma ba na ganin dole ne a jure shi. Abin da ake nema a lesin ba bencin ba ne, idon da zai duba rubutu ne. Malamin Turanci na sakandare da ke unguwarku, ku yi yarjejeniya: insha'i ɗaya da taƙaitawa ɗaya kowane mako, ya duba, ku zauna rabin sa'a ranar Asabar. Sau da yawa wannan ya fi aji arha, ya kuma fi shi amfani. Ga mata kuwa, waɗanda fita kullum da yamma ba ta yiwuwa gare su, akwai Cibiyar Ci gaba da Ilimin Mata a cikin gari, akwai kuma abin da na ga wasu mata huɗu a Runjin Sambo sun yi: suna haɗuwa gidan ɗayarsu bayan la'asar sau biyu a mako, suna karatu tare, ɗaya ta tattara rubuce-rubucen ta kai wa wata malama ta duba ta dawo da su. Na ce a raina, ai wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, suna kai wa 'yan taru, mata masu neman ilimi, karatu har ƙauyukansu.

Akwai hanya ta huɗu da wasu ke raɗawa a kunne, cibiyar da za ka biya a "taimaka" maka a zaure. Ban da haramcin, hukumomin suna riƙe sakamako suna sokewa, wani lokaci na cibiya sukutum, har da wanda bai ci ba bai sha ba. Wanda ya tsallake kuma zai je ya tarar da darasin Turanci na dole yana jiransa a shekarar farko ta jami'a.

Duk ukun nan kuwa a kan abu ɗaya suke tsaye, wanda ba a sayarwa da sunan shirin jarrabawa, wato karatu zalla. Kalmomi ba su zama a kai ta hanyar jeri. Na ga masu rubuta kalma ashirin kullum daga ƙamus, daga harafin A, su kai C su gaji, ba su iya sa ko ɗaya a jumla. Kalmar da ka gamu da ita sau biyar cikin labarin da ya dame ka, ita ke zama. Dabarar da ta fi yi wa manya aiki a hannuna mai sauƙi ce: karanta labari a Aminiya ko BBC Hausa, sannan ka nemi labarin nan a Daily Trust ko wata jaridar Turanci. Ka riga ka san abin da ya faru, don haka hankalinka ba ya kan "me ake cewa", yana kan "yaya suka ce shi". Kalma biyar kacal za ka ɗauka a rana, kowace da jumlar da ka same ta a ciki, a ƙaramin littafin da zai shiga aljihun riga. Bayan wata ɗaya, ka koma sharhin edita da maƙalun ra'ayi, domin su suka fi kama da nassoshin jarrabawa: marubuci yana kafa hujja, yana kawo dalili na ɗaya da na biyu. In ka gama, rufe jaridar ka faɗi dalilan cikin jumla uku. Ka yi atisayen taƙaitawa ke nan ba tare da ka biya kowa ba. Mai JAMB ya ƙara da littafin labarin da hukumar ta sa a shekararsa, ya karanta shi da kansa, kada ya tsaya ga taƙaitawar da ake yawo da ita a waya.

Abu ɗaya game da ƙamus: nemi na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, mai bayani da sauƙin Turanci da misalan jumla. Na Turanci zuwa Hausa yana da ranarsa a farkon tafiya, amma in ka daɗe a kansa, kullum sai ka bi ta Hausa kafin ka isa, kuma daƙiƙa 40 ba ta isa wannan zagayen.

Da za ka tsare ni ka ce in zaɓa maka, sai in tambaye ka abin da ke gabanka. In WAEC ce ko NECO, kuma kuɗinka na abu ɗaya ne, ba mai jan biro. Littafin tambayoyi ka ara, furuci ka yi a waya kyauta. In kana da kiredit ɗinka tun tuni, JAMB ce ta rage, lesin Turanci ba shi ne farko ba: manhajar gwaji mai agogo, jarida kullum, da ziyarar shagon kwamfuta sun fi maka. In kuwa ka karanta sakin layi ɗaya na jarida ka tarar kalma goma ba ka sani ba, kada ka yanki fom ɗin bana. Na san maganar ba daɗi. Amma kuɗin rajista uku da aka zubar a jere sun isa biyan malami shekara guda, da canji. Ba kanka wata shida na karatu da rubutu, ka zauna sau ɗaya. Wanda ke ƙauye, Gwadabawa ko Tureta ko wajen Illela, inda malamin ba ya kusa, ya rubuta da hannu, ya ɗauki hoton shafin ya tura ta WhatsApp, a duba a dawo masa da shi. Da hannu dai, domin da hannu za a rubuta ranar, kuma yatsun da suka shekara ashirin ba su cika shafi biyu ba sukan ƙage tun a kalma ta ɗari biyu.

Maƙwabcina na karɓe littafinsa na sa a saman kwaba, na ce sai bayan babbar salla. Bai ji daɗi ba. "Malam, to mi za ni karantawa?" Na ce jaridar da ake kawo wa shugabansa, wadda shi ke ɗauko ta kowace safiya ya ajiye kan tebur bai taɓa buɗewa ba. Ya roƙi ta jiya a riƙa bar masa. Kowace Juma'a da dare yana kawo mini wasiƙa ko labari, ina ƙirga jan da ke jiki in rubuta adadin a saman shafi in kewaye. Ta farko 41. Ya dube ta ya ce kamar an yanka kaza a kai. A mako na shida she ɗin nan ta bayan suna ta ɓace, ta sake leƙowa a na takwas, muka sake korar ta. Ta makon jiya shafi biyu ce da rabi, kan matsalar ruwan famfo a unguwa, an rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, jan 17. Ya ninke ta ya sa aljihu, ya tashi zai tafi, sai ya juyo daga bakin ƙofa.

"Malam, wai informations ɗin ga, ko guda ɗari ne ba a sa mishi s?"

Na ce ko dubu ne.